Darasi na Tara: Taurin Hanta Mai Tasowa Daga Hanyoyin Matsarmama

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin aikin hanta da na matsarmama a jikin mutum;
2. bayyana yadda toshewar hanyoyin matsarmama ke taurara hanta;
3. gane alamomin farko a jikin babba da na jariri;
4. sanin abin da za a yi, da inda za a je, da lokacin da jinkiri ke zama haɗari.

Shimfiɗa

A Saji, da Rurum, da Lausu, da Tarai, da sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, da zarar farin idon mutum ya koma ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce. Daga nan sai a nemo saiwar rawaya a jiƙa, a hana shi mai da nama, a zuba ido a ga abin da Allah zai yi. Wani ya tashi, wani kuwa jikin ya yi ta ja da baya har ciki ya kumbura.

Abin da ya sa sakamakon ke bambanta shi ne, shawara alama ce da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kanta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kawo ta. Sikila na kawo ta. Ciwon hanta nau'in B na kawo ta. Toshewar hanyoyin matsarmama ma na kawo ta. Kowace daga cikinsu da nata magani, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su, sai an yi gwaji. Wannan darasi zai tsaya a kan ta ƙarshen, domin tana ba da alamu tun kafin hanta ta lalace, kuma wanda ya san alamun nan yana iya ceton ransa ko na wani nasa.

1. Hanta da matsarmama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mahauci yana gyaran kayan ciki, ko ya yi fiɗar ragon layya, ya ga matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya. 'Yar jaka ce koriya manne a ƙarƙashin hanta. Mahauci yakan ɗaga ta da yatsu biyu, ya bi gefenta da bakin wuƙa a hankali, ya cire ta ɗungurungum ya yar, don ya san in ta fashe ɗaci zai ɓata naman. Wanda ya lura da kyau zai ga wani siririn bututu da ya fito daga jakar ya nufi hanji.

Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Hantar babban mutum tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta kimanin kilo 1.5. Tana ajiye sukari don lokacin buƙata, tana haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, tana tace guba da magunguna daga jini, sannan tana yin ruwan matsarmama. A lura da wannan: hanta ce ke yin ruwan, jakar kuwa ma'ajiya ce kawai. A kowace rana hanta na fitar da rabin lita ko fiye, wato cikin ledar ruwan sha ɗaya ko sama da haka.

Ruwan na fara tafiyarsa ta wasu ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani a cikin naman hanta. Ƙananan su haɗu su zama manya, manyan su haɗu su zama babban bututu guda da ke zuba a farkon ƙaramin hanji. Aikin ruwan biyu ne. Na farko, narkar da maiƙon abinci, don jiki ya amfana da shi da bitamin A, D, E da K, waɗanda ba sa shiga jiki sai tare da maiƙo. Na biyu, fitar da datti. Jajayen ƙwayoyin jini na rayuwa kimanin kwana 120, in suka mutu sai su bar wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ta kwashe shi, ta zuba shi a ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita. Shi ne ke ba bayan gida launin da muka saba gani.

Wanda ya riƙe wannan bayani ya riƙe rabin darasin. Idan hanya ta toshe, launin ba ya isa hanji, sai bayan gida ya koɗe ya yi fari-fari ko ruwan toka. Launin ya koma cikin jini, sai ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu.

2. Yadda hanta ke taurara

Ku tuna da rariyar gidan ƙasa a tsakiyar damina. Muddin tana buɗe, ruwa na ficewa, katanga na nan lafiya. In shara ta toshe ta, ruwa ya kwanta a gindin katanga yana cin ta. Mai gida ya yaɓe, ruwa ya sake ci, ya sake yaɓewa, har gindin katangar ya zama duk faci, ba sauran ginin asali.

Ruwan matsarmama yana da kaifi. In ya kwanta a cikin hanta sai ya riƙa ƙona ƙwayoyinta. Hanta na da juriya, tana gyara kanta, amma kowane gyara na barin tabo. Idan aka ɗauki watanni ko shekaru a haka, tabo ya mamaye ta, ta yi tauri, ta yi gudaji-gudaji. Wannan mataki shi ne taurin hanta, wanda likitoci ke kira sirosis.

Hanta mai tauri tana kawo matsala biyu. Ta farko, ba ta iya aikinta: jini ba ya saurin daskarewa, ƙafa na kumbura, guba na taruwa har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ta biyu, jinin da ke tasowa daga hanji ba ya samun hanyar ratsa ta cikin sauƙi, sai ya ja da baya. Saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, jijiyoyin jini na cikin maƙoshi su cika su kumbura, wata rana su fashe mutum ya yi aman jini.

3. Nau'i biyu na ciwon

*Na farko: wanda ke farawa daga ƙananan hanyoyi.* A nan garkuwar jikin mutum ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ke juyowa ta far wa ƙananan hanyoyin matsarmama tana lalata su kaɗan-kaɗan. A takardar asibiti ana rubuta shi da haruffa uku: PBC. Likitoci biyu na birnin Landan, Thomas Addison da William Gull, su suka fara bayyana shi a 1851. A 2015 ƙungiyoyin likitocin hanta suka cire taurin hanta daga sunansa, saboda yanzu da yawa daga masu shi ana gano su da wuri, kuma da magani ba sa kaiwa matakin taurin.

A cikin masu wannan ciwo 10, kimanin 9 mata ne, akasari 'yan shekara 40 zuwa 60. Ba giya ke kawo shi ba, ba abinci ba, ba kuma ƙazanta ba. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciyar aure, ko shayarwa. Don haka ware wa mai shi ƙoƙo da cokali zalunci ne marar amfani. Sai dai 'yan'uwan jini na kusa, musamman 'ya'ya mata da yayye da ƙanne mata, sun fi sauran mutane yiwuwar samunsa, kuma shan taba na ƙara haɗarin.

*Na biyu: wanda ke biyo bayan toshewar babban bututu.* Abubuwan da ke toshe shi sun haɗa da:

- tsakuwar da ke ƙulluwa a jakar matsarmama, ta gangaro ta maƙale a bututu;
- ƙuntatar bututun bayan rauni ko wata tiyata;
- ƙari a bututun ko a kusa da bakinsa;
- macijin ciki da ya hauro daga hanji;
- jaririn da hanyoyinsa suka shafe tun farkon rayuwa.

Maganar tsakuwa ta shafi gidajenmu kai tsaye saboda sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila. Jajayen ƙwayoyin jininsu ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, don haka bilirubin na yi musu yawa, tsakuwa na ƙulluwa tun suna ƙanana. Mai sikila da ke yawan ciwo a gefen dama na ciki, musamman bayan cin abinci mai maiƙo, yana buƙatar hoton ciki. Kada a ce ciwonsa ne na kullum ya motsa a bar shi a haka.

A san kuma cewa a ƙasarmu babban mai taurara hanta shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayarsa. A yankunan da ake yawan shiga ruwa, irin na kewayen madatsar Tiga da gonakin noman rani, tsargiyar hanji ma na yi wa hanta tabo. Shi ya sa likita ke fara gwada waɗannan kafin ya kai ga ciwon matsarmama.

4. Alamomi a jikin babba

Nau'in farko na iya shekaru ba tare da wata alama ba, sai gwajin jini ya tona shi. In alamu suka fara, biyu ne ke gaba, kuma dukansu masu sauƙin rainawa ne.

Ta farko gajiya. Matar da ta saba surfe da ɗiban ruwa sai ta ga shara kaɗai ta gajiyar da ita, kuma barci ba ya wartsake ta. Mutanen gida su ce girma ne ya zo, ko su ce son jiki ne.

Ta biyu ƙaiƙayi ba tare da ƙuraje ba. Yakan fi tsanani da dare, ya fi kama tafin hannu da tafin ƙafa. Za ka tarar da mace zaune a bakin gado tsakar dare tana goga tafin ƙafarta da totuwar masara, ko tana kankare damtse da bakin mataji har fata ta yi zane-zane ta fitar da jini. An canza sabulu, an shanya katifa, an shafa maganin ƙazuwa, ba sauƙi. In aka duba fatar da rana, ba a ganin komai sai sawun farce. Bambancinsa da ƙazuwa a fili yake: ƙazuwa na da ƙuraje, musamman a tsakanin yatsu, kuma tana bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa mutum ɗaya yake kamawa, don daga cikin jini yake tasowa.

Sauran alamun sun haɗa da bushewar ido da baki, duhun fata, wasu 'yan tabbai masu ruwan ɗorawa a fatar ido, bayan gida mai maiƙo da ke da wuyar wankewa, dundumi saboda ƙarancin bitamin A, da ciwon ƙashi ko karaya cikin sauƙi. A wannan nau'i, shawara na zuwa ne a makare. Wanda ya ce sai ido ya yi ɗorawa zai je asibiti ya bar lokaci mafi kyau ya wuce shi.

Toshewar babban bututu kuwa takan zo da sauri: shawara, fitsari mai duhu, bayan gida fari-fari. Idan abu uku suka haɗu, wato zazzaɓi mai rawar sanyi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da shawara, to ƙwayoyin cuta sun shiga hanyar da ta toshe. Wannan na iya kisa cikin 'yan kwanaki, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya taɓa shi.

Mace mai tsohon ciki da ta ji irin wannan ƙaiƙayi a tafin hannu da ƙafa ta faɗa a wajen awo, domin yana iya shafar abin da ke cikinta.

5. Jariri: kwana 14 da kwana 60

Jarirai da yawa na yin 'yar shawara daga kwana na biyu ko na uku, ta washe kafin sati biyu. Idan ta bayyana tun ranar haihuwa, ko ta yi tsanani, ko jariri ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti nan take. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan sukari ba magani ba ne.

Abin da ya shafi darasinmu shi ne shawarar da ta wuce kwana 14, ko kwana 21 ga bakwaini. A cikin jarirai 10,000 zuwa 20,000 akan sami ɗaya da hanyoyin matsarmamarsa suka shafe. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne, a makonnin farko yaron na shan nono, yana barci, har ana yaba lafiyarsa, alhali hantarsa na ƙonewa. Shaidar na cikin tsumman kashinsa. Kashin jariri mai shan nono ruwan ɗorawa ne ko kore-kore, fitsarinsa kuma fari ne tas. In kashi ya koɗe ya yi fari-fari ko ruwan toka, fitsari kuma yana barin launi a tsumma, to akwai matsala. A duba a hasken rana, ba a hasken tocila ba, kuma a buɗe tsakiyar kashin, domin fitsari na iya rina bayansa.

Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Japan, Morio Kasai, ya fito da aikin da ake yi wa irin waɗannan jarirai a shekarun 1950: ana jona hanji kai tsaye da ƙofar hanta don ruwan ya samu mafita. Aikin ya fi yin nasara idan an yi shi kafin jariri ya kai kwana 60. A ƙasar Taiwan, tun 2004 ake ba iyayen kowane jariri kati mai hotunan launin kashi don su riƙa gwadawa, kuma hakan ya sa ana kai jarirai tiyata da wuri.

Mu duba kalandarmu. Ranar bakwai suna, ranar arba'in mai jego ta gama wanka. Idan aka ce sai an yi arba'in za a fita da jariri, kwana 20 kacal suka rage a yi gwaji, a samu takardar turawa, a isa Kano, a shirya tiyata. Saboda haka nauyin yana kan kaka, da ungozoma, da maigida: jaririn da idonsa bai washe ba bayan sati biyu, a fita da shi ko ba a yi arba'in ba. Haka kuma kada a bari wanzami ya cire masa beli ko ya yi masa tsaga, domin ƙarancin bitamin K na hana jininsa tsayawa.

6. A asibiti

Ga misalin hira a ɗakin shan magani. Ɗalibai biyu su karanta ta a bayyane.

*Ma'aikaciya:* Sannu da zuwa, Inna. Me ke damun ki?

*Dattijuwa:* 'Yar nan, ƙaiƙayi ne ya hana ni sakat. Tun kafin azumi ban san barcin kirki ba.

*Ma'aikaciya:* Sannu. Da ƙuraje? Akwai wani mai susa a gidan?

*Dattijuwa:* Ko ɗaya. Ni kaɗai ce.

*Ma'aikaciya:* Ki yi haƙuri da tambayar da zan yi, Inna. Fitsari da bayan gida fa, launinsu ya canza?

*Dattijuwa:* Ba komai, ai aikinki ne. Fitsarin dai ya ɗan yi duhu.

*Ma'aikaciya:* Wane magani kika sha, na kemis ko na gargajiya?

*Dattijuwa:* Na sha jiƙo kala biyu, yaron kemis ma ya yi mini haɗi.

*Ma'aikaciya:* Madalla da kika faɗa. Ki dakatar da su. Zan rubuta miki takarda zuwa Rano a duba jininki, a yi hoton ciki. Ki tafi da ledar magungunan duka.

*Dattijuwa:* Allah Ya yi miki albarka.

Matakan yawanci haka suke: daga ɗakin shan magani na kusa zuwa Babban Asibitin Rano, daga nan in da buƙata a tura mutum Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin hanta da na tiyata. Gwaje-gwajen su ne:

- gwajin aikin hanta. A takardar za a ga haruffan ALP, sinadarin da ke hawa idan ruwan matsarmama ya kwanta;
- gwajin ciwon hanta nau'in B da C;
- hoton ciki na sikanin, mai nuna tsakuwa, ko faɗaɗar bututu, ko ruwa a ciki;
- gwajin jini na AMA, wanda ke fitowa a fiye da 90 cikin 100 na masu nau'in farko.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa mai shawara ba a yi masa allura, wai in an yi mutuwa zai yi. Wannan magana ta hana mutane da yawa zuwa asibiti. Gaskiyar da ke cikinta ita ce wasu magunguna na wahalar da hanta mai ciwo, na sha ne ko na allura, shi ya sa ba a karɓar su daga hannun wanda bai sani ba. Amma ɗiban jini don gwaji ba ya cutarwa, kuma wanda ƙwayoyin cuta suka shiga hanyar matsarmamarsa, allurar da ƙarin ruwan asibiti ne ke ceton ransa da yardar Allah.

7. Magani

Nau'in farko na da magani mai suna ursodiyol. Yana rage kaifin ruwan matsarmama, yana taimaka masa ya gudana. Likita na auna shi da nauyin mutum, miligiram 13 zuwa 15 ga kowane kilo a rana. Ana shan sa kullum, iya rayuwa, ko da mutum ya ji garau. Kimanin mutum 6 cikin 10 jininsu na gyaruwa sosai da shi, kuma waɗanda suka fara da wuri ya karɓe su sukan yi tsawon rai irin na sauran mutane. Waɗanda bai ishe su ba, likita na da wasu da zai ƙara. Ƙaiƙayi na da nasa magani daban, wani gari da ake damawa a sha mai suna kolestiramin, kuma ana raba lokacin shansa da na sauran magunguna don kada ya hana su aiki.

Nau'i na biyu maganinsa buɗe hanya: a cire tsakuwa ta bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki, ko a yi tiyata. In an buɗe da wuri, hanta na iya farfaɗowa. Mutum na rayuwa lafiya ba tare da jakar matsarmama ba, tunda hanta ce ke yin ruwan.

Idan hanta ta gama lalacewa, abin da ya rage shi ne dashen wata. Thomas Starzl ne ya fara gwada dashen hanta a birnin Denver na Amurka a 1963, kuma yaron da aka yi wa na farkon mai shafaffun hanyoyin matsarmama ne. A yau mutanenmu kan tafi Indiya ko Masar don wannan aiki, a kan kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Kuɗin mota zuwa Rano da na gwajin jini bai kai ko kusa da haka ba. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

8. Kula da marar lafiya a gida

- Kada a hana shi abinci. Mai ciwon hanta na buƙatar wake, ƙwai, kifi, nama, nono da ganye. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ɗan abu kafin barci. Maiƙo ake ragewa in yana sa shi gudawa.
- In ciki ko ƙafa sun kumbura, a rage gishiri, da dunƙulen ɗanɗano, da kanwa.
- A tsince gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a zubar, domin suna ɗauke da gubar da ke cutar da hanta.
- A guji haɗin kemis, da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibuprofen da asfirin. Ko farasitamol a tambayi likita adadin da ya dace.
- A dakatar da jiƙe-jiƙe. Duk abin da aka sha ta hanta yake bi, kuma hanta mai ciwo ba ta da ƙarfin tace abin da ba a san adadinsa ba.
- Don ƙaiƙayi: a yanke farce, a yi wanka da ruwa mai sanyi-sanyi, a shafa man kaɗe, a sa tufafin auduga masu sakewa.
- A bar taba da giya.
- Wanda ba shi da ciwon hanta nau'in B ya yi rigakafinsa. Jarirai kuwa a yi musu cikin awa 24 da haihuwa.
- Kafin azumi a nemi shawarar likita. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

9. Alamun da ba a kwana da su

A nemi mota nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: aman jini, bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi, zazzaɓi da ciwon ciki ga mai shawara ko mai kumburin ciki, jinin da ya ƙi tsayawa, ko ruɗewa. Ruɗewar takan fara da barcin rana da farkawar dare, sai mantuwa, sai sambatu da rawar hannu. Sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, alhali guba ce da hanta ta kasa tacewa, kuma tana da magani. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Muhimman kalmomi

- *Matsarmama:* jakar da ke ajiye ruwa mai ɗaci da hanta ke yi.
- *Bilirubin:* sinadari mai ruwan ɗorawa da matattun ƙwayoyin jini ke bari.
- *Taurin hanta:* matakin da tabo ya mamaye hanta.
- *Garkuwar jiki:* tsarin da ke kare jiki daga cututtuka.

Tambayoyi

1. Wace gaɓa ce ke yin ruwan matsarmama, kuma mene ne aikinsa guda biyu?
2. Me ya sa bayan gida ke koɗewa idan hanya ta toshe?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin ƙazuwa da ƙaiƙayin ciwon matsarmama.
4. Me ya sa masu sikila suka fi samun tsakuwa?
5. Waɗanne alamu uku ne in sun haɗu suke nuna ƙwayoyin cuta sun shiga hanyar matsarmama?

Lissafi

1. Mace mai nauyin kilo 60, idan likita ya rubuta mata miligiram 15 ga kowane kilo, miligiram nawa ke nan a rana?
2. An haifi jariri ranar 3 ga Maris. Wace rana zai cika kwana 14? Wace rana zai cika kwana 60?

Aikin rukuni

Ku kasu gida uku. Rukuni na farko ya shirya yadda zai yi wa kaka bayani cikin ladabi idan ta ce ba a fita da jariri kafin arba'in. Na biyu ya shirya amsar da zai ba mai cewa ba a yi wa mai shawara allura. Na uku ya tattauna yadda unguwa za ta tanadi kuɗin mota da na gwaji, ta hanyar adashi ko asusun masallaci, don kada rashin kuɗi ya jawo jinkiri.

Aikin gida

Rubuta jimla biyar a kan alamomin da za su sa ka kai wani asibiti. Ka karanta wa mutanen gidanku, sannan ka zo aji na gaba da tambayoyin da suka yi maka.